Makatu Mai Wankin Ƙashin Sarakuna

Makatu yayar mijina ce, kuma a hannunta na koyi wankin ƙashi. Doguwa ce busasshiya mai manyan hannuwa, ga baki kamar wuƙar fawa. Ranar da aka kawo ni gidansu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce amaryar? To madalla, ƙashinta ba zai ba mu wahala ba, rabin ƙwarya ya isa wanke shi." Haka take yi wa kowa. In ta zuba maka ido ba fuskarka take kallo ba, abin da zai rage bayan shekara bakwai take aunawa.

Aikin namu kowa ya san shi a tsibirin Mijuna. Mutum ya mutu, a kai shi kogo a rufe. Bayan shekara bakwai mata uku su fito da shi bakin teku lokacin da ruwa ya janye, su kankare abin da ya saura da tsinken gora, su wanke da ruwan gishiri, su ɗauraye da giyar shinkafa. Babbarsu ta kira sunansa da ƙarfi sau uku, biyun su amsa mata, "Shi ne." Sai an yi kiran nan an amsa yake sanin an sallame shi, ya kama hanyar kakanni can bayan teku. Sannan a jera shi a randa, a bar wa matarsa gefe guda. Wanda ba a kira da sunansa ba yana nan tsaye a bakin ruwa, ba ya cikin rayayyu, ba ya cikin kakanni.

Mijinta Sanra matuƙin jirgi ne, dogo har sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, da haƙorin gaba ɗaya karyayye, wanda filafili ya fasa masa tun yana saurayi. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma kan nan nasa ba ya ja. Abin da ubangidansa ya ce, shi ke nan. Ubangidan nasa kuwa shi ne Ufuta, wanda ake yi wa kirari da Ɗan Rana, Uban Mijuna.

Ɗan Rana! Ni na gan shi da idona ina yarinya. Gajere ne mai gwame, ɗan fashin teku mai jirgi uku, kansa bai kai kafaɗar Sanra ba. Kafin shi babu sarki a nan, ƙauyuka biyar ne kowa da dattijonsa. Kuma ba yaƙi ya ci ba. A shekarar fari ya kewaye idon ruwan da ke kan tudu da katanga, ya zuba masu mashi a ƙofa, ya ce duk mai son tulu ɗaya sai ya durƙusa. Cikin wata biyu ƙishirwa ta durƙusar masa da ƙauyuka biyar. Daga nan farar wutar da ake haƙa a dutsenmu ta zama tasa, jiragen fatake suka fara tsayawa, aka gina fada. Da wata muguwar cuta ta kama shi, hancinsa ya fara zagwanyewa, sai ya shige bayan labule, shekara goma ba wanda ya ƙara sa shi a ido. A cikin shekarun nan ne maroƙa suka yi ta ƙara masa tsawo har ya kai dogon itacen tsakiyar jirgi. Waɗanda suka san shi suka yi gum, yara suka taso da waƙa.

Ya mutu a shekarar da aka kawo ni gidan. Ina daka gero a tsakar gida, Makatu tana gyaran kifi, sai ga waziri da mutum huɗu.

"Sanra, an ɗaukaka ka," in ji waziri. "Al'ada ce, sarki ba ya tafiya bayan teku sai da matuƙinsa."

Makatu ko wuƙar ba ta ajiye ba. "Ranka ya daɗe, wace al'adar? Sarki nawa muka taɓa binnewa a tsibirin nan?"

"Wannan ne na farko."

"To al'adar da aka haifa da safen nan, ko cibiyarta ba ta faɗi ba, ita ce za ta cinye mini miji?"

"Makatu, sa wa bakinki linzami," in ji Sanra. Har ya miƙe yana gyara ɗamara, sakarai, fuska sai ƙyalli take wai shi aka zaɓa.

Waziri ya kwantar da murya. "Aro ne, baiwar gida. Ya raka sarki ya kai shi. Ranar wanki, bayan shekara bakwai, ki ɗauki abinki, ki kira shi, ki sa a randarku. Daga bakin fada kika ji."

A bakin ƙofa Sanra ya juyo ya ce mata, "Ki sa a gina randar da girma, kin san tsawona." Da la'asar suka ba shi giyar da aka jiƙa da wata saiwa, suka kwantar da shi wajen ƙafafun sarki, suka rufe kogo. Lokacin shekarun Makatu ashirin da takwas, ɗa ɗaya ta haifa kuma bai zauna ba. Maza sun zo, ta kore su. Ta sa magini ya gina randa mai cin mutum biyu, ta kafa ta a ƙuryar ɗaki, ta zauna jiran shekara bakwai.

Ranar ta zo. Mu uku aka kira: Makatu, da Inna Kamadu wadda ta koya mata aikin ta kuma bar mata kiran suna, da ni. A bakin teku an kafa rumfa, dattawan ƙauyuka sun jeru, ga jakadan babban sarkin ƙasar Tudu, wanda fadarmu take kai wa gaisuwa, yana fifita. Ya zo ne ya ga ƙashin Ɗan Rana da idonsa kafin ya tabbatar wa Gushin, ɗan Ufuta, da sarautar ubansa. Gushin da waziri suka biyo mu cikin kogo da hantsi, aka janye dutse.

Na wanke matattu da yawa, har da wanda teku ta dawo da shi, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙashin sarki baƙi ne, duk huji kamar itacen da gara ta ci. Inda hanci yake rami ne ya haɗe da baki. Ƙashin cinyarsa da ƙyar ya fi damtsena, da Inna Kamadu ta ɗaga shi sai ya gutsure a hannunta, wani baƙin ruwa ya biyo yatsunta. Wajen ƙafafunsa kuma ga Sanra kwance, fari tas, miƙaƙƙe, ko ɗan yatsa bai ɓata ba. Makatu ta durƙusa ta ɗora hannu a ƙoƙon kansa.

Gushin ya toshe hanci da hannun riga. "Wannan ne babana?"

Waziri ya dubi wannan, ya dubi wancan. Na ga lokacin da dabarar ta shigo masa, kamar yadda kake ganin kare ya hango nama.

"Ranka ya daɗe, ai kuskure aka yi wurin kwantarwa. Ga sarki nan." Ya nuna Sanra.

Gushin ko numfashi bai ja ba. "Haka ne. Na gane shi."

"Ka gane shi?" in ji Makatu. "Ranka ya daɗe, dubi haƙorin nan. Shekara tara ina kallonsa a bakin akushi. Babanka ga shi can, ɗauki abinka, ai ba a canza uba don ya yi wari."

"Na yau ne kawai," in ji waziri. "Jakada ya juya baya, a ba ki."

"Aro a kan aro?"

"Ko kuwa ki fita ki gaya wa jakada Mijuna ba ta da sarki, mu ga wanda zai kwana da kai a gidanku, har ƙanenki da wannan matar tasa."

Ya sa aka kawo kwandon kifi. Ni na share Ufuta a ciki, da hannuna, aka fita da shi ta bayan kogo aka juye inda masunta ke zubar da hanjin kifi. Ɗan cikinsa yana tsaye, abin da kawai ya ce shi ne a yi sauri. Ban so Ufuta ba, ya shayar da uwata ƙishirwa, amma ranar sai da na ji kunya a madadinsa.

Muka fito da Sanra bakin teku. Makatu ta wanke shi gaɓa-gaɓa, a hankali, har mutane suka fara gyaran murya. Da aka zo kira ta miƙe, waziri yana tsaye dab da bayanta. Ta buɗe baki ta rufe. Sannan ta kira, "Ufuta!" sau uku. Ni da Inna Kamadu muka amsa, "Shi ne."

Jakada ya auna ƙashin cinyar da mahucinsa, ya gyaɗa kai. Dattawa suka fashe da kuka. A cikinsu akwai waɗanda suka yi shekaru suna tuƙi tare da Sanra, suna shan giya da shi a ƙoƙo ɗaya. Har da tsohon da filafilinsa ne ya karya haƙorin, yana birgima a yashi yana "Wayyo sarkina!" Tir. Kafin wata ya mutu an yi waƙa cewa Ɗan Rana ya karya haƙorinsa ne da ya ciji igiyar jirgi cikin guguwa ya hana tsibirin tafiya.

Jakada ya tafi. Makatu ta je fada aka ce ta dawo bayan girbi. Bayan girbi aka ce sarki yana mura. Kafin shekara ta zagayo Gushin ya haifi wata sabuwar al'adar: duk kaka za a fito da ƙashin Ɗan Rana a wanke a gaban jama'a, a raba ruwan. Mutane suka riƙa zuwa da 'yan ƙoƙuna suna turereniya. Mai ciwon ido ya ɗiga, mai neman haihuwa ta sha, ana ɗura wa jarirai suna tari. Na ga mace tana lasar yashin da ruwan ya zuba. Mijina kuma, ƙanen Makatu uwa ɗaya uba ɗaya, aka naɗa shi mai gadin kabarin sarki, aka ba shi gona a ƙasan idon ruwa, inda shinkafa take yi sau biyu a shekara. Bai ce a'a ba. Ni ma ban ce ya ce ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun ci har mun suɗe hannu.

Wata rana muna shanyar ciyawar teku na tambaye ta, "Yaya, me ya sa ba za ki ƙi ba? Ki ce hannunki ya sage."

"In bar wa wa? Matar waziri ta kankare mini miji kamar ƙanzon tukunya? Sau ɗaya a shekara nake taɓa shi, Umitu. In na ƙi, shi ma na rasa." Ta ci gaba da juya ciyawar. "Inna Kamadu ta ce in na kira sunansa bana za ta amsa. Saura ke."

"Yaya, bari yara su ɗan tasa."

"To."

Shekara ta zagayo na ce mijina ba shi da lafiya. Ta gaba na ce ina da ciki. Ba ta taɓa zagina a kan wannan ba, ita da take zagina a kan gishirin miya. "To" kawai take cewa, kuma na fi son ta zage ni. A shekara ta tara Inna Kamadu ta mutu, aka cike gurbinta da wata baiwar fada mai tsoron taɓa ƙashi. Daga nan Makatu ta daina tambayata.

Ba ta daina tambayar fada ba. Gushin ya yi shekara ashirin yana gina katanga. Ya kewaye fada, ya kewaye katangar da wata katangar, ya sare duk manyan itatuwan tsibirin don rufin zaurukansa, har ya zama in jirgi ya ruɓe babu katakon yin wani. Duk shekara bayan wanki Makatu takan je ta zauna a ƙofar zaurensa har a shigar da ita. Sau ɗaya ta ce masa a gaban fadawa, "Ranka ya daɗe, kayan aro ba ya rufe katara." Fadawa suka yi kamar kurame. Shi kuwa tsoronta yake ji, sai ya riƙa aika mata cinyar alade duk kaka. Ita kuma takan fito ƙofar gida ta kira karnukan unguwa da sunan fadawa ɗaya bayan ɗaya ta raba musu. Karnukanmu sun yi ƙiba a zamanin Gushin.

Da ya mutu aka nemi matuƙin da zai raka shi aka rasa, don babu sauran babban jirgi balle matuƙi. Sai suka kamo wani mai dafa gishiri, suka danƙa masa filafili, suka shayar da shi saiwar. Mutumin ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Gushin ya bar wasiyya kuma cewa shi kada a nuna ƙashinsa ga kowa. A nan dai ya yi hankali.

Ɗansa Tamachi ya hau. In ka gan shi ka ga Ufuta: gajere, gwame, har tafiyar. Tsofaffi suka riƙa sunkuyar da kai in ya wuce, ba don ladabi ba. Ba ya son dogon mutum kusa da shi, fadawansa duk guntaye ya zaɓa. Abin da ya sa a gaba zakarun faɗa ne, yana da ɗari da wani abu, kowanne da sunansa da mai yi masa fifita, suna cin shinkafar da mu muke gani a ido. Makatu ta je masa a shekararsa ta farko, lokacin gashinta ya yi fari. Na raka ta, amma a bakin ƙofa na tsaya.

"Ranka ya daɗe, mijina na zo karɓa."

Yana shafa wuyan zakara. "Na sani, tsohuwa. Babana ya gaya mini."

"To tunda ka sani, sai a ba ni. Ƙafata ɗaya tana kogo. In na mutu ban kira shi ba, babu mai kiransa."

"In na ba ki, ni wane ne?"

"Jikan wani gajeren mutum mai wayo. Ba abin kunya ba ne, ranka ya daɗe, ai shi ma da ƙafafun nan ya ci tsibirin."

Wani bafade dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Tamachi ya sa aka fitar da ita, ya kuma hana cinyar aladen. Ta ce mini a hanya, "Karnuka ne abin tausayi."

Shekara goma sha uku ya yi. Farar wutar da ake aika wa babban sarkin Tudu duk shekara, sai ya riƙa sayar wa wasu fataken yana karɓar siliki da zakaru. Aka aiko masa sau ɗaya, sau biyu, ya ce jikan Rana ba ya yi wa kowa gaisuwa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Wata safiya masunta suka dawo a guje, jirage ashirin sun doso. Mu ba mu da ko ɗaya da zai tare su. Dabarar fada ita ce a fito da ƙashi a wanke a shayar da mayaƙa, wai kibiya ba za ta huda su ba. Iska ta tsayar da jiragen kwana uku a nesa, ruwan kuma yana zaune a randa cikin zafin bazara. Da suka sha, ranar yaƙi rabin mayaƙan Mijuna suna tsugune a bayan katangar Gushin riƙe da ciki. Kafin rana ta take tsaka an gama. Sarautar da aka kashe mutum biyu don raka sarakunanta, ko gumi ba ta sa abokan gaba sun yi ba.

Sarkin yaƙin Tudu ya faɗi sharaɗinsa ta bakin tafinta. Tamachi zai bi su, a ba shi gida da bayi a can kamar yadda ya dace da jikan Rana. Randar Ɗan Rana ma za ta bi su, don kada wani ya sake tara jama'a a kanta. Duk masu yi wa gidan sarauta hidima kuma za a bar musu gonakinsu. Lokacin mijina ya rasu, ɗana ne mai gadin kabari.

Washegari da hantsi duk tsibirin ya taru a bakin teku. Mutum huɗu suka sauko da randar. Sai ga Makatu ta ratso taro da sandarta, shekara sittin da takwas, ta tsaya a gabansu ƙiƙam.

"Ku sauke. Ba sarki ba ne a ciki, mijina ne."

Tafinta ya juya maganar. Sarkin yaƙi ya ɗaga hannu aka sauke. Ta faɗi komai, tun daga kwandon kifi har haƙorin, ba ta rage ba. Ban taɓa jin bakin teku ya yi shiru irin na ranar ba. Sarkin yaƙin mutum ne mai furfura wanda ya gaji, ba ruwansa da ƙashin kowa. Har murmushi ya yi. Ya sa tafinta ya tambayi Tamachi.

Tamachi yana durƙushe a yashi, an riga an ƙwace masa komai, ba katanga, ba zakara. Kalma ɗaya ce, ba abin da za ta rage masa sai girman gidan da za a ba shi a can. Ya dubi ƙasa ya ce, "Kakana ne. Tsohuwar ta ruɗe."

Nan taro ya samu baki. "Ta ruɗe!" "Ku janye ta, tana kunyata mu a gaban baƙi!" Wata da na san ta sha ruwan nan sau talatin tana ihu har da kumfar baki. Na gane su sarai. An ci su da yaƙi jiya, wannan za su iya haɗiyewa. Amma a ce shekara talatin da uku suna shan ruwan wankin matuƙi, suna ɗura wa 'ya'yansu, wannan ba za su iya ba.

Sarkin yaƙi ya sake ɗaga hannu. Tafinta ya ce, "Maigida ya ce ba ya son ɗaukar mushen wani a banza. In akwai mutum ɗaya da zai shaida mata, ta ɗauki abinta."

Makatu ba ta nemi kowa da ido ba. Ta san inda nake tsaye, taku goma ne tsakaninmu. Ta jefar da sanda, ta dafa randar da hannu biyu, ta ɗaga murya irin ta aiki, wadda ake ji har kan tudu.

"Sanra!"

Shiru.

"Sanra!"

Da a ce na buɗe baki, akwai tsofaffi biyu ko uku a wurin da na san za su bi ni. Babu waziri a bayana, ya daɗe da mutuwa. Babu wuƙa a wuyan kowa. Ina so in ce tsoro ne, amma na tsufa da yi wa kaina ƙarya. Ɗana ne ya matso ya taɓa mini gwiwar hannu ya ce a hankali, "Inna, gona." Ga kuma maƙwabtan da zan ci gaba da haɗuwa da su a idon ruwa.

"Sanra!"

Ruwa yana ta dukan yashi. Na ji harshena kwance a bakina kamar mataccen kifi.

Ta jira. Ta jira fiye da yadda ake jira. Sannan ta sunkuya ta ɗauki sandarta, ta juya wajen tafinta.

"Tambayi maigidanka, a can ƙasarku wa zai wanke shi? Kun iya?"

Tafinta ya ce su ƙona matattunsu suke yi.

"To ku tafi da ni. Ba na cin abinci da yawa."

Sarkin yaƙi ya ɗaga kafaɗa. Aka ɗauki randa, ta bi bayanta. Da ta zo daidai inda nake ta tsaya, na ɗauka yau kam zan sha zagin da na yi shekara da shekaru ina jira. Ta gyara mini bakin zane da ya zame a kafaɗa, ta ce, "Umitu, ki gaida gona." Ta shiga ruwa har gwiwa, wani soja ya ɗaga ta ya sa a kwalekwale. Tamachi ya matsa gefe don kada jiƙaƙƙen zanenta ya taɓa shi.

Shekara ba ta cika ba aka yi waƙa. Mutanen nan da suka ce ta ruɗe, su ne suka yi ta. Wai Makatu baiwar amana, wadda ta wanke Ɗan Rana shekara talatin da uku, da aka zo tafiya da shi ta ce ba za ta iya rabuwa da sarkinta ba. 'Yan mata suna yin ta a bakin turmi. In yarinya ta yi rashin kunya sai uwarta ta ce, "Ki yi koyi da Makatu mai biyayya." Makatu! Mai biyayya! Jikata ta zo tana rera mini ita, na kife mata ƙwarya a kai, uwarta ta ce tsufa ne.

Wani bafatake ya gaya mini ta mutu a damina ta uku, a ɗakin ajiyar da suka jefa randar, suka ƙone ta yadda suke yi wa nasu. Babu abin wankewa, babu wanda ya kira ta. Su biyu ke nan yanzu a tsaye bakin ruwa, kuma ban ma sani ba ko bakin ruwa ɗaya ne.

Ni kuwa kwanana ya kusa. Ina cin shinkafar gonar nan har yau, tana yi sau biyu a shekara. Za a kai ni kogo, bayan shekara bakwai matan gidana su fito da ni su wanke ni tas, su kira "Umitu" sau uku. Kuma za a amsa, har rige-rigen amsawa za a yi, don ni ban taɓa ɓata wa kowa rai ba.